Asibitin kuɗin bakin tasharmu, abinda na gani da idona

Masu tambayata a kan ƙaramin asibitin kuɗin nan na bakin tasha a garinmu, toh gsky ni dai zan ce a je, amma a san iyakarsa. Bazan kama suna ba tunda akwai inda zan soke su.

Ƙanina muka kai, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ke mana dakon buhun shinkafa daga fadama. Ya dawo daga Kano da zazzaɓi da tari baya jin ƙanshin komai, a kemis akace maleriya ce aka haɗa masa magani, zazzaɓi ya ɗan sauka sai cinyoyi da kafaɗu suka ɗauki ciwo har tashi daga tabarma sai an kama shi, ga fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba'a sa madara ba. Kowa a gida yace tsargiya ce, ai duk mai shiga ruwan fadama ya santa.

A nan ne malamin asibitin ya burge ni wlh. Bai yi saurin ɗauko allura ba, kwalba ya miƙa yace a kawo fitsari, ya ɗaga ta saitin taga ya duba, ya tsoma 'yar takardar gwajin nan ta nuna akwai jini, sannan ya ɗiga a gilashi ya leƙa ta madubin likita yace babu ƙwayoyin jini kuma babu ƙwan tsargiya. Yace min “Yaya wannan ba tsargiya bace, ina zargin naman jikinsa ne ke narkewa.” Sunan abin rabdomayolisis. Idan tsoka ta lalace tana sakin wani sinadari mayoglobin cikin jini, shi ke rina fitsarin kuma shi ke toshe ƙoda, sannan wani sinadarin gishiri na cikin jini, fotasiyam, na iya hawa ya taɓa bugun zuciya. Aikin ƙarfi a cikin zafin rana na kawo shi, wasu ƙwayoyin cuta ma suna kawowa harda korona, kuma an gani a matasa masu lafiya ba sai tsofaffi ba, duk da ba kasafai bane.

Inna ta dage a yi masa allurar diclofenac ko zai samu barci, malamin yace “Baba kiyi haƙuri, irin wannan allurar da ibuprofen ƙodar zasu ƙara wa nauyi.” Ruwa ya ɗaura masa, leda na ƙarewa ana sa wata, duk fitsarin da yayi sai an auna a jarka an rubuta a takarda. Wannan aunawar ban taɓa ganin anyi ta a ƙauye ba. Da yaga fitsarin baya yawa kamar yadda yake so bai riƙe mu don kuɗi ba, takarda ya rubuta yace maza Asibitin Malam Aminu Kano, can akwai gwajin CK (gwajin jini mai nuna lalacewar tsoka) da na ƙoda, kuma in ta kai ga wankin ƙoda suna yi. Can ɗin ne aka tabbatar da maganarsa, gwajin korona ma ya nuna yana da ita. Alhamdulillah ba'a kai ga wankin ba.

Yanzu ga ƙorafina. Ƙanin nawa na tari a ɗaki ɗaya da wata tsohuwa mai hawan jini, ba wanda ya sa takunkumi har ma'aikatan, wai ai korona ta wuce. Eh a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, amma bata ce cutar ta ƙare ba. Wuta kuwa sai a hankali, ba sola, janareto sai magariba ake tadawa, da fitilar waya aka nemo jijiya da asuba. Banɗaki kar ma a yi magana. Farashi ba'a rubuce yake ba, mai karɓar kuɗi abinda ta faɗa da safe daban na yamma daban, kuma ba POS sai ka fita tasha ka ciro.

Babbar matsalar dai malamin shi kaɗai ne ya san aikin. Ranar Juma'a da rana da ranar kasuwa sau da yawa baya nan, yaron da yake bari kuwa kana cewa ciwon jiki zai fara fasa kwalbar allura. Dan Allah kafin ku sauke mara lafiya daga mashin ku leƙa ku tambaya wa ke kan aiki, in ba shi bane kuma fitsari ya sauya kala, ku nemi motar Kano a nan tashar kawai.