PIAF da alƙalamin PenFriend: zanen da makaho zai shafa ya kuma ji

Ga malaman makafi a Damagaram, injin PIAF, mai taso da zane a kan takarda, ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi. Takardarsa ta musamman ce, an shafe ta da ƙananan ƙwayoyi masu kumbura in sun ji zafi. A buga zane da baƙin tawada mai sinadarin kabon, a zura takardar cikin injin. Baƙin ya fi shan zafi, sai layin ya taso, farin ya zauna. Injin yana karɓar takarda mai girman A4 da A3.

Taswirar jihohin Nijar 8 tana fita tsaf. Matsalar tana wurin cunkoso: Maradi, Zinder da Tahoua in an cika su da sunaye da hanyoyi, yatsa ya rikice. A bar tazarar akalla milimita 3 tsakanin layuka, a rage kowane suna a rubutun makafi na Braille zuwa haruffa biyu. In zafin injin ya yi yawa, takardar ta yi ƙuraje har a farin wurin da babu zane. A fara da ƙaramin zafi, a ƙara sannu. Tawadar biro ba ta tasowa ko kaɗan.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne PenFriend, alƙalami mai naɗar murya: a manna ɗan tambari kan Zinder, malam ya naɗi bayani da Hausa, yaro ya ɗora bakin alƙalamin ya ji.

Takardar tana da tsada, daga waje ake kawo ta, kuma zafin watan Afrilu na lalata ta. A ajiye ta cikin akwati a inuwa, nesa da ƙurar hunturu.