Na gwada Rescue Remedy, amma ba zan sake saye ba

Duk mai son sayen ruwan furannin nan da ake cewa yana kwantar da hankali, ya fara juya kwalbar ya karanta bayanta kafin ya miƙa kuɗinsa. Wanda aka fi sani, Rescue Remedy mai 'yar kwalba da takarda ruwan ɗorawa, akwai barasa a ciki, kashi 27 cikin ɗari. Ba ɓoyewa kamfanin ya yi ba, a rubuce yake, sai dai masu tallarsa a wajenmu ba su cika faɗa ba. "Daga furanni aka yi shi, babu sinadari," iyakar abin da za ka ji ke nan.

Ni yayata ce ta kawo min tsarabarsa daga Ingila, lokacin da nake fama da rubutun digiri na biyu a Samaru, ga yara, ga aiki, barci ya gagara. Ta ce, "Ki riƙa ɗiga huɗu a harshe duk sanda kika ji gabanki na faɗuwa." Da na nuna mata maganar barasar, sai ta ce, "Ai kuwa ban lura ba, ƙanwata," ta sa aka aiko min da irin wanda aka haɗa da gilisarin maimakon barasa, da kuma na tsotsa mai kamar alewa. Su na yi amfani da su har na kammala rubutun. Hukuncin ɗigo huɗu na mai barasar kuwa, wannan na malamai ne, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Wani likita ɗan Ingila, Edward Bach, shi ya ƙirƙiro tsarin. Ya bar aikinsa a Landan a 1930 ya koma karkara yana neman tsirrai, kafin rasuwarsa a 1936 ya tsara iri 38, kowanne da halin zuciyar da aka ce yana gyarawa. Mimulus na tsoron abin da ka sani ne, Larch na rashin yarda da kai, Olive na gajiya, White Chestnut na tunanin da ke ta kai-komo ya ƙi barin mutum. Rescue haɗin biyar ne: Rock Rose, Impatiens, Clematis, Star of Bethlehem da Cherry Plum. Ba ta gwaji a kan majinyata ya zaɓe su ba, abin da ya ji a ransa game da kowace fure ya bi. Ɗaya daga cikin 38 ɗin ma, Rock Water, ba fure ba ce sam, ruwan marmaro ne.

Yadda ake haɗa shi ne ya fi ɗaure min kai. Ana zuba furanni a kwanon gilashi mai ruwa, a ajiye a rana kamar awa uku, wasu kuma a tafasa su rabin awa. Sai a tace, a gauraya ruwan da barasa daidai wa daida don kada ya lalace. Daga wannan ake ɗibar ɗigo kaɗan a zuba a kwalbar da ake sayarwa, kai kuma ka sake ɗiga kaɗan a harshe ko a kofin ruwa. To me ya rage na furen? Kusan babu. Masu tsarin ma ba su ce sinadarin furen ne ke aiki ba, cewa suke wani ƙarfi ne na furen ya shiga ruwan. Kada a kwatanta shi da zoɓo ko shayin na'a-na'a, waɗanda launinsu da ɗanɗanonsu ke shaida maka cewa tsiron yana cikin kofin. Kuma ba turare ba ne. Na sunsuna, babu ƙamshin fure ko kaɗan, wanda ya saba da humra da turaren wuta zai sha mamaki.

Shin ya yi min aiki? A farko na ji kamar ya yi. Idan na ɗiga, nakan ajiye waya, in zauna, in ja numfashi ina jiran in ji sauƙi, kuma sauƙin kan zo. Amma ranakun da na manta kwalbar a gida, in na yi alwala na zauna shiru a bayan ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, irin sauƙin nan nake samu. A daren da damuwar ta kai damuwa kuwa, kamar daren da za a wayi gari in kare rubutuna gaban malamai, na tsotsi alewar nan har harshena ya gaji, idona biyu har kiran assalatu.

Abin da masu bincike suka gano ya yi daidai da wannan. A 2010 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magungunan Bach, har da waɗanda aka yi da ɗalibai masu fargabar jarrabawa. Inda aka ba wasu na gaske, wasu kuma aka ba su ruwa mai kama da shi ba tare da sun sani ba, ba a ga na gasken ya fi ba. Wato sauƙin da mutum ke ji gaskiya ne, amma daga sa rai da ɗan tsayawar nan yake fitowa.

Yabonsa ɗaya a wurina: marar barasar bai yi min illa ba, bai sa ni maye ko kasala ba, kuma ba ya kama mutum kamar ƙwayoyin barcin da wasu ɗalibai ke saye a kemis ba da takardar likita ba. In za a zaɓa tsakaninsu, gara wannan nesa ba kusa ba. Sai dai tsadarsa, tunda daga waje ake shigo da shi, ta yi yawa a kan abin da ke ciki. Wanda ya ga lallai sai ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya tabbatar marar barasa ne, musamman in yaro za a ba ko mai juna biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na ji wata tana shawartar ƙawarta ta ajiye maganin da likita ya ɗora ta a kai ta koma wannan. Na sa baki na ce, "Don Allah Hajiya, kar ki daina sai kin koma wajen likitanki." Dakatar da maganin damuwa da likita ya rubuta farat ɗaya na iya dawo da ciwon ya fi na da. Mutumin da ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ci ba barci, ko ya fara jin gara mutuwa, ba ɗigon fure yake buƙata ba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na ABU, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, can ya kamata a kai shi.