AZ91 ko AE44: wanne ke jure zafin inji?

A wani gareji da ke Jidda, inda 'yan uwanmu Hausawa ke gyaran motoci, maigidan ya miƙo min murfin inji na magnesiyam. Sakayau, kamar ba ƙarfe ba. Nauyin magnesiyam kusan kashi biyu cikin uku ne na alminiyam, shi ya sa masu ƙera motoci ke sonsa. Sai dai noti biyu sun saki, mai na tsatsafowa.

"Malam, zafi ne," in ji shi.

Gaskiyarsa. AZ91, gaurayen ƙarfen magnesiyam da aka fi amfani da shi, yana da alminiyam kashi 9 cikin 100 da ɗan zink. Arha gare shi, yana bin mazubi da kyau. Matsalar tana cikin jikinsa: a iyakokin ƙwayoyin ƙarfen akwai wani haɗi na magnesiyam da alminiyam, Mg17Al12, da ke laushi in zafi ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius. Daga nan ƙarfen sai ya riƙa lotsawa sannu a hankali ƙarƙashin matsin noti, ba tare da ya tsage ba, har ɗaurin ya kwance.

AE44 kuwa, shi ma gaurayen magnesiyam ne, amma alminiyam ɗinsa kashi 4 ne kacal, da kashi 4 na ma'adanai irin su seriyam da lantanam. Su ke kama alminiyam ɗin, su yi siraran tsinke-tsinke masu taurin kai da ke riƙe ƙwayoyin har digiri 150. Da shi aka yi mazaunin injin motar Corvette Z06 ta 2006. Tsada ce aibinsa.

Murfin da ke nesa da wuta, AZ91 ya wadatar. Amma kusa da inji, ga ranar Jidda a kai, ni AE44 zan ɗauka.