The Return of Superman: Shirin iyaye maza da jarirai, ya dace a kunna wa yara?

Tashar KBS2 ta Koriya ta Kudu ta fara nuna wannan shiri a 2013, kuma tsarinsa ba wuya. Ana tura uwa hutu na awa 48, a bar uba, wanda fitaccen ɗan fim ne ko mawaƙi ko ɗan ƙwallo, shi kaɗai da ƙananan 'ya'yansa. Shi zai dafa, ya yi wanka, ya canza kunzugu, ya yi rarrashi. An kakkafa kyamarori a ɗakuna, masu ɗauka kuma suna ɓuya cikin 'yan ƙananan tantuna a falo don kada yaran su tsargu. A nan Sakkwato galibi ta YouTube ake ganinsa, a tashar KBS World, da fassarar Turanci a ƙasa.

Abin da ya sa ya shiga gidajenmu da sauƙi shi ne Song Il-gook, jarumin fim ɗin Koriya mai suna Jumong, wanda ya fito daga 2014 zuwa 2016 da 'yan ukunsa maza. Wanda ya san shi da kwari da baka, sai ga shi yana fama da yara uku a teburin cin abinci. Akwai kuma Lee Dong-gook, tsohon ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Middlesbrough a Ingila, mai 'ya'ya biyar, huɗu daga ciki tagwaye ne sahu biyu.

Hukuncina a taƙaice: shiri ne mai tsabta idan aka gwada shi da yawancin abin da ke yawo a waya, amma ba don yara aka yi shi ba. Yara ne a cikinsa, manya ake yi wa. Nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa, su ga jarirai a fuskar waya su ɗauka daidai yake da katun.

Ba zagi, ba faɗa, ba wasan banza tsakanin mace da namiji. Yadda iyayen suke tsawatarwa ma abin koyi ne. Song Il-gook kan janye yaron da ya yi laifi gefe guda, ya durƙusa har idonsu ya haɗu, ya faɗi laifin a gajarce, ya sa a ba da haƙuri, sannan a rungumi juna. Ba ihu, ba dorina. A garin da kunyar ɗan fari take hana wasu magidanta ko ɗaukar jaririnsu a gaban mutane, wannan kallo ne da zai amfani uba fiye da ɗansa. Kuma ba baƙon abu ba ne a addini, tunda Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

Matsalar farko harshe ne. Ana magana da Koriyanci, fassarar tana gudu, ga kuma rubuce-rubucen barkwanci da masu shirin suke watsawa a kan hoto. Yaron da bai iya karanta Turanci da sauri ba hoto kawai yake bi. Zai ga an watsa fulawa a ɗaki ana dariya, ba zai ji bayanin da uban ya yi daga baya ba. Ɓarnar yake kwasa, darasin ya wuce shi.

Wannan ya kai mu ga abin da na fi jin tsoro, wato kwaikwayo. Gidajen da ake ɗauka an shimfiɗe su da katifun roba, an toshe kusurwar tebura, an sa shinge a ƙofar kicin, ga manya birjik a bayan kyamara suna lura. Yaro ɗan shekara uku yana fasa ƙwai ko yana riƙe wuƙar roba a can, lafiya lau. A tsakar gida a Mabera ko Runjin Sambo kuwa, akwai murhun gawayi a ƙasa, tukunyar gas, ruwan zafi a bokiti, wani gidan ma da rijiya. Haka ɓangaren da ake aiken yara ƙanana shago su kaɗai: ma'aikata ne suke bin su a ɓoye, ba a nuna su ne kawai. Yaron da ya gani ya ce shi ma zai gwada, titi da 'yan kabu-kabu zai tarar.

Sai al'ada. Ana cin naman alade a fili, gasasshe, kuma kyamara tana daɗewa a kan bakin mai ci, domin cin abincin yara na cikin abin da ke sayar da shirin. Lokacin sabuwar shekararsu yara kan kai goshi ƙasa gaban kakanni don gaisuwa, abin da yaron Islamiyya zai gani kamar sujada. Akwai Kirsimeti, akwai wankan uba da yara tare, akwai zuwa wurin ninƙaya da irin shigarsa. A 2021 an shigo da wata uwa, Sayuri Fujita, 'yar Japan mai fitowa a talabijin ɗin Koriya, wadda ta haihu ba aure ta hanyar maniyyin da aka bayar gudummawa, abin da ya jawo muhawara a Koriyar kanta. Ba wanda aka nuna da batsa, amma kowanne yana jawo tambaya, kuma gara a ce babba na zaune lokacin da za a yi ta.

Talla ma tana nan a lulluɓe. Keken jarirai, kayan wasa, madara da wuraren shaƙatawa da yawa kamfanoni ne suka biya a nuna su. Yaro ba ya bambance wannan, abin da zai ce shi ne "Baba, me ya sa mu ba mu da shi?" Su kansu yaran da ake ɗauka akwai magana a kansu: a 2016 hukumomin Sin sun hana sa 'ya'yan fitattun mutane a irin waɗannan shirye-shirye a talabijin, don gudun ɗora musu shahara tun ba su san kansu ba.

Ga yadda zan raba shi. Ƙasa da shekara biyu, kada a ba su ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2019 ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana gaban allo, alhali kashi guda na shirin ya fi awa. Daga biyar zuwa tara, gajerun yanka na minti biyar zuwa goma, waɗanda babba ya riga ya kalla shi kaɗai. Daga goma zuwa sha biyu, cikakken kashi ba laifi idan ana tare ana fassara musu. Samari da 'yan mata kuwa sun isa, har ma zan so samarin su gani.

Kafin a miƙa waya, a kashe maɓallin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo da kansa, domin daga wannan shiri YouTube kan zarce zuwa waƙoƙin rawa na Koriya da fina-finan soyayya, kuma a nan ne ainihin ɓarakar take. A sauke abin da aka zaɓa tun da dare a 360p, ya isa ga fuskar waya kuma bai cin data kamar 720p, sannan a kashe data gaba ɗaya lokacin kallo. Kada a bari ya ci lokacin makarantar allo ko ya bi yaro shimfiɗa. Bayan an taso Islamiyya, kafin magariba, ya fi.