Hattara da mai tallar "maganin bahon wankin fim"

Mu masu wanke fim a gida nan Sakkwato ba mu da yawa, kusan duk mun san juna, don haka ina roƙon wanda ya karanta wannan ya tura wa ɗan'uwansa kafin mutumin nan ya sake damfarar wani.

Akwai wani da ke tallar ƙaramar kwalba mai shuɗin ruwa a Facebook da zaurukan WhatsApp. Wai daga Jamus aka shigo da ita, a zuba murfi ɗaya cikin bahon ruwan ɗumi na injin wankin fim, ruwa ya yi wata uku ba gansakuka ba yauƙi. Ni tsohon inji ƙirar Jobo CPE-2 gare ni, na gado daga kawuna da ya yi sana'ar hoto a Mabera. Duk mai irinsa ya san damuwar. Fim mai launi na C-41 yana son ruwa a digiri 37.8, a nan kuwa cikin watan Afrilu ruwan tanki kan kai wajen haka tun kafin a kunna hita. Ka bar shi kwana uku a baho, sai ka ji gefen roba na santsi, ga ɗan wari. Da hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a ƙasa. Nan mai tallar ya kama ni.

Na tura masa naira 18,000, ya ba direba saƙon na karɓa a tasha. Tun da na buɗe murfin hancina ya faɗa mini gaskiya, amma na ƙi ji, tunda na riga na biya. Bilicin wanki ne aka sirka da ruwa, aka ɗiga masa shuɗi irin na rini. Takardar jikin kwalbar ma da firinta aka buga ta, babu adireshi, babu jerin abin da ke ciki. Bayan mako biyu ƙarfen hitar ya fara tabo, robar bakin magudana ta yi tauri tana yoyo. Na kira shi, ya ce, "Malam, ai ruwanku ne mai gishiri." Washegari layin ya daina shiga.

Asarar kuɗin ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Kwalaben sinadaranmu a cikin wannan ruwan suke zaune. Bilici in ya gamu da ruwan tsayar da wanki, wanda asid ne, iskar kulorin yake fitarwa. In ya gamu da fiksa (ruwan da ke zaunar da hoto a jikin fim) mai amoniya, nan ma hayaƙi mai guba ne. Mu kuwa ɗakunanmu a toshe suke ruf saboda haske. Abin dariya, wani yaro da ya saya ya ce mutumin ya gaya masa "haifo" ne na masu hoto. Haifo a bakin tsofaffin masu hoto fiksa ke nan, ba abin wanke farar riga ba. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na bilicin Haifo na kasuwa, shi kuma da shi yake ruɗa sababbin shiga.

Ruwan baho fa ba ya taɓa fim. Aikinsa ɗumama kwalabe da gangar fim da ke juyawa, shi ke nan. Ba ya buƙatar wani magani. Da ka gama aiki ka zubar da shi, ka goge da tsumma, ka bar bahon ya bushe, a iskar garin nan ba ya ɗaukar lokaci, sannan ka rufe da zane. In ruwan rijiya ko na burtsatse ya bar farin dasashi kamar kanwa a jikin hita, ruwan khal da aka sirka ya isa. A jiƙa, a ɗauraye sosai. Ruwan 'yan ga-ruwa kuma a tace shi, a bar shi ya kwanta tukuna.

Jiya wani abokina a Arkilla ya turo mini sabon tallan. Sunan shafin ya canza, lambar waya ta canza, ruwan ya koma kore, amma hoton kwalbar da asusun da ake tura kuɗin su ne dai na da. Kwalbar tawa tana nan na ajiye ta nesa da ɗakin aiki, duk mai son ya shinshina ya tabbatar ya same ni bayan la'asar.