Duwatsun teku da na yi oda daga Maroko

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Daura, kuma na gaji da zana wa yara halittun da suka zama dutse a allo. Shi ya sa na yi odar burakiyofod, wasu halittun teku masu ɓawo biyu da suka zama dutse, guda goma ta intanet daga wani ɗan kasuwa a Maroko. Sai da suka yi sati biyar a hanya, kuɗin kawowa kuma ya kusa kamo kuɗin kayan.

Da na buɗe kwalin a gida, Inna ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta ce, "Wannan ai ƙumba ce, Malam." Da kama, amma ba ita ba ce. Ƙumba ɓawonta biyu daidai suke da juna. Na burakiyofod ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma yawancinsu suna da wata jijiya da suke kafewa da ita a ƙasan teku, suna tace abinci daga ruwa. Sun bayyana fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, suka cika tekuna, har zuwa babbar halakar ƙarshen zamanin Famiyan, shekaru miliyan 252 baya, wadda ta shafe mafi yawansu. 'Yan kaɗan, irin su Lingula, suna raye har yau.

Guda uku sun biya ni. Irin Spirifer ne, masu faɗi kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, layukan jikinsu raɗau, kana shafawa kana jin su a yatsa. Ranar da na kai su aji, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tambaye ni yadda aka yi teku ya je Sahara. Daga nan muka shiga zancen farar ƙasar Kalambaina a Sakkwato, wadda ake siminti da ita, ita ma ajiyar tsohon teku ce, ko da yake ba ta kai waɗannan tsufa ba.

Abin da ya ɓata mini rai, takardar bayani guda ɗaya tak aka saka wa duka goman, babu sunan wurin da aka tono kowanne. Ga malami wannan babban rashi ne. Ɗaya kuma ya fashe an liƙe shi da gam, ba a faɗa ba.

Wanda zai saya, ya nemi hoton kowanne gaba da baya, da sunan wurin haƙa, kafin ya tura ko sisi.