Kano ko Kaduna? Amsa ga ɗan uwanmu tela mai shirin dawowa daga Legas

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka a fili take: shekara goma sha biyu kana ɗinki a Legas, yanzu kana so ka kwaso iyali, uwargida da yara huɗu da kekuna uku, ka dawo Arewa, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin Kano da Kaduna. Kafin a kai ga ba ka amsa sai Kanawa da 'yan Kaduna suka mai da maganar filin dambe. Wannan ya ce Kaduna ƙauye ce mai kwalta, wancan ya ce Kano ba komai sai ƙura da hayaniya, aka bar ka tsaye da kaya a ka. Wasan Kanawa da Zage-zagi tsohon abu ne, ya girmi jihohin biyu, kuma ba na fatan ya mutu. Amma ba da shi mutum zai yanke inda 'ya'yansa za su tashi ba. Na yi shekara tara a Tudun Wadar Kaduna, yau kuma shekarata goma sha ɗaya a Kano, wajen Hotoro. Abin da idona ya gani shi zan gaya maka.

Ka fara da sanin abin da ya haifi kowane gari, domin har yau kowanne da halin uwarsa yake tafiya. Kano kasuwa ce ta haife ta. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma marinar Ƙofar Mata tana nan ana turi a cikinta. Kaduna kuwa ofis ne ya haife ta. Turawa ne suka zana ta inda layin dogo ya ƙetare kogi, suka taso da hedikwatarsu daga Zungeru a 1917, daga baya ta zama fadar Jihar Arewa inda Sardauna ya yi mulki har 1966. Kirarin garin gwamna daga nan ya samo asali. Abin da wannan yake nufi ga mai sana'ar hannu shi ne: a Kano kuɗi kullum yake juyawa, a Kaduna kuɗi ƙarshen wata yake zuwa.

Da can Kaduna tana da ƙafa ta biyu da take tsayawa a kai. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin haɗa Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Dattawan Kakuri za su gaya maka yadda titi yake cika da kekuna idan aka tashi daga aiki. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, matatar ma ta daɗe ba ta tace komai. Abin da ya rage yana riƙe garin shi ne albashi: ma'aikatan jiha da na tarayya, sojojin makarantar horar da hafsoshi ta NDA da na barikin Jaji, malaman makarantu. Kano ma ta yi asarar masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, amma wanda aka sallama a can ya samu inda zai faɗa, domin kasuwa ta haɗiye shi.

A nan nake so in daɗe, tunda abincinka a allura yake. Ka je Kantin Kwari da misalin ƙarfe goma na safe ka tsaya gefe. Za ka ga ɗan dako da dila a ka yana faɗin a ba shi hanya, Buzu daga Agadas yana taya shadda, Hajiya daga Maiduguri tana lissafin turamen atamfa na kayan lefe, yaron shago yana rubuta bashi a bayan kwali. Wasu sun kwana a mota daga Chadi da Kamaru. Daga nan ka taka zuwa Ƙofar Wambai, zare da sauran tarkacen ɗinki suna nan a farashin sari. Telan Kano ba ya biyan kuɗin mota mai nisa a kan yadinsa, kuma idan kwastoma ya canza ra'ayi kan launi, kafin la'asar an musanya. Telan Kaduna sau da yawa kayan da yake saya a Kasuwar Bacci ko a babbar kasuwar Shehu Gumi daga Kwarin aka ɗauko su, an ɗora ribar hanya ta kilomita sama da 200.

Ga kuma abin da ya fi sari muhimmanci. A Kano akwai 'yan kasuwa da suke ba tela aiki da yawa lokaci guda, kaftani da jallabiyar yara da hijabai, su kwashe su kai Nijar ko kudu. Ribar kowace riga kaɗan ce, amma keken ba ya tsayawa ko bayan Sallah, lokacin da telan unguwa yake zaman kashe wando. Da kekuna uku da yaran shago biyu masu hannu, irin wannan aikin zai riƙe maka gida.

Sai dai kirarin nan na ko da me ka zo an fi ka ba fahariya ce kawai ba, gargaɗi ne. Duk lungun da ka shiga akwai tela, kuma Bakano mutum ne mai ciniki, zai taya ɗinkinka kamar yana taya tumatir. Kuɗin da kake karɓa a Legas ka manta da shi. A Kaduna telolin ba su kai haka yawa ba, kuma ma'aikacin da ya yarda da hannunka ba ya yawan jayayya, sai dai ya ce ka jira albashi. Idan abin da ka ƙware a kai a Legas kwat ne da wando da rigunan ofis, to masu sa su sun fi yawa a Kaduna, daga Unguwar Rimi har Barnawa da Sabon Tasha, ga kuma kayan makarantu masu zaman kansu. Idan kuma aikin hannu ne na babbar riga, birnin Zariya yana da gwanayen da Kanawa kansu suke kai musu aiki.

Maganar tsaro ita ce aka fi yi wa ƙarya a gardamar nan, kowa yana ɓoye tabon garinsa. Kano ta sha wuya. Harin 20 ga Janairun 2012 ya girgiza garin, kuma a shekarar da na koma, ranar 28 ga Nuwamban 2014, aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. Wannan ya wuce, alhamdu lillahi. Abin da ke damun Bakano a yau shi ne ƙwacen waya da faɗan daba. Ba a fito da waya a adaidaita sahu bayan magariba a wasu layukan, kuma uba mai samari dole ya san da wa ɗansa yake zama.

Ciwon Kaduna daban ne, kuma ya fi zurfi. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, garin ya rabu a kan kogi. Musulmi suka tattaru a arewa, Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Unguwar Sarki, Kirista suka koma kudu, Sabon Tasha, Narayi, Television. Da rikici ya ɓarke bayan zaɓen 2011 ina Tudun Wada aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Maƙwabcina yana aiki a ƙetaren gada, abin ya rutsa da shi can. Kwana uku matarsa tana zaune a zauren gidanmu da waya a hannu, ba ta iya haɗiye ko koko. Abokin aikinsa Kirista ne ya ɓoye shi a ɗakinsa har hanya ta buɗe. Kaduna ke nan gaba ɗayanta a labari guda: tsoron yana nan, amanar ma tana nan. Cikin garin ya daɗe bai ga irin wancan tashin hankali ba, amma duk mai neman gida a Kaduna, kafin ya tambayi kuɗin haya sai ya tambayi wace unguwa ce. A Kano ba na yin wannan lissafin, kuma ban san nauyinsa ba sai da na sauke shi.

Ga kuma 'yan bindiga a dazukan jihar. An tare jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022, an kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024, hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru ba a bin ta da kwanciyar rai. An samu sauƙi daga ƙarshen 2024, har kasuwar shanun Birnin Gwari ta sake buɗewa, kuma muna roƙon Allah ya dawwamar. Amma ka sani jihar tana da faɗi da daji, ta ninka Kano fiye da sau biyu a girman ƙasa.

Wannan faɗin kuma shi ne ni'imarta, kuma a nan dole Bakano ya sunkuyar da kai. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum miliyan 9.4, Kaduna miliyan 6.1, ka auna da kanka wa ya fi samun wurin miƙe ƙafa. Damina a Kaduna tana farawa tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, a Kano sai Yuni take kankama, ta ɗauke a Satumba. Zafin Afrilun Kano yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da take cika ɗinkin da ka rataye. Kaduna tana da bishiyoyi, titunanta tsararru ne tun asali, kuma ayyukan da aka yi tsakanin 2015 da 2023, irin gadar Kawo, sun ƙara mata kyau, ko da yake rusau ɗin da ya zo tare da su ya karya 'yan kasuwa da dama. Duk lokacin da na je ziyara na sauka a Kawo, iskar kaɗai tana gaya mini abin da na bari.

Ruwa kuwa shi ne babban abin da uwargidanka za ta fara kuka da shi a Kano. A layinmu, da asuba ake jiran mai garuwa da kurarsa cike da jarkoki, mata suna leƙowa daga zaure kowa tana kiransa. Ranar da ba wuta a rijiyar burtsatsen da yake ɗebowa, sai kuɗin jarka ya tashi, ko ma ka rasa. Kaduna ma famfo ba kullum yake kawowa ba, amma rijiya ba ta da nisa a yawancin unguwanni. Kada ka karɓi gida a Kano sai ka ga ruwansa da idonka. Wutar lantarki kuwa duk kanwar ja ce, ka zo da janaretanka ko ka yi shirin sola.

A karatu, 'yan Kaduna suna da abin taƙama na gaskiya: Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, Kwalejin Barewa, Kaduna Polytechnic, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Kano tana da Jami'ar Bayero, da ta Wudil, da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma 'ya'yanka firamare za su shiga, kuma a nan kowace jiha tana da ciwo. Kaduna ta sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017, Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 saboda cunkoson azuzuwa da lalacewar gine-gine. Duk inda ka je, ka sa kuɗin makaranta a lissafi. Bambancin da na gani shi ne yaron Kaduna yakan tashi da Turanci a baki saboda cuɗanya da Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarbawa, na Kano kuma Islamiyya da makarantar haddar Alƙur'ani suna bakin ƙofarsa. Asibiti ba zai raba maka gardama ba: Kano tana da na Malam Aminu Kano da Murtala da na ƙashi a Dala, Kaduna tana da na Shika da Barau Dikko da cibiyar ido ta ƙasa.

Wanda ya saba da Legas, inda ba ruwan kowa da kowa, zai fi saurin sakewa a Kaduna. Kano gari ne mai ido. Maƙwabta za su san shigarka da fitarka, Hisbah tana aiki, siyasa kuma tana shiga har cikin shago, launin hula kaɗai yana iya jawo maka kwastoma ko ya kore shi. Amma wannan idon shi ne yake cika maka gida ranar suna da ranar rasuwa, kuma baƙon da ya riƙe amana ba ya daɗewa yana baƙo.

Don haka ga shawarata, Malam. Idan kaftani da babbar riga da kayan mata na Hausa su ne ƙarfinka, ka zo Kano. Na faɗi haka duk da cewa rabin zuciyata tana Kaduna. Idan kuwa kwat da kayan ofis ne, ko uwargida tana da takardar da za ta nemi aikin gwamnatin tarayya da ita, Kaduna ta fi dacewa da ku, ga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Kowacce ka zaɓa, kada ka taso da iyali a tafiyar farko. Ka zo kai kaɗai da keke ɗaya wata biyu kafin azumi, ka samu wani tsohon tela ya ba ka gefen shagonsa, ka yi ɗinkin Sallah a nan ka ga yadda kasuwar take karɓarka. Idan Kanon ce, ka duba wajen Hotoro, Mariri, Rijiyar Zaki ko Panshekara, haya ta fi sauƙi a kan cikin gari. In ka iso ka neme ni, mu shiga Kwari tare.